Ƙudan Zuma Na Magana, Wa Zai Saurari Namu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai rake ko mai yanka abarba a bakin titin Ikwerre, tsakanin Mile 1 da Mile 3, ya san abin da zan faɗa. Da safe in an fara fere rake, ƙudan zuma guda ne zai zo, ya sauka kan ɓawon, ya tsotsa, ya tashi. Kafin hantsi ya dubi ludayi sun zama goma, can anjima sun rufe baron har mai raken ya koma kora da tsumma. Masu raken sukan ce ƙamshi ne ya jawo su. Akwai gaskiya a maganarsu, sai dai ba ta cika ba. Wancan na farko gida ya koma ya ba da labari. Ya nuna ta inda za a bi, ya faɗi nisan wurin, ya kuma ɗanɗana wa 'yan'uwansa abin da ya samo.

Ni malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare a nan Mile 2 Diobu. A Fatakwal aka haife ni, amma kakana mai amya ne a wani ƙauye na ƙasar Zazzau, kuma har gobe Baffana yana ɗaura amya a kan ɗorawa da tsamiya. In na tambayi 'yan ajin ƙarshe abin da suke so su zama, amsar ba ta wuce likita, injiniyan mai, lauya, ko kuma, "Malam, ni shagon Babanmu zan koma." Duk sana'o'i ne na mutunci. Amma babu wanda ya taɓa gaya wa yaran nan cewa akwai mutanen da suke ƙare rayuwarsu suna sauraron ƙudan zuma, ana biyansu albashi, ana ba su digirin digirgir, har an ba ɗayansu kyautar Nobel. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne, mafi yawan abin da duniya ta sani game da maganar zuma, daga zumar Turai aka ji shi. Tamu ta Afirka ta Yamma, wadda muke sha, muke magani da ita, 'yan'uwanmu suke kawowa daga Arewa a jarka suna sayarwa a kwalabe, kaɗan aka saurara daga gare ta.

Gari guda a cikin amya

Amya mai ƙarfi tana ɗauke da ƙudaje dubu 20 zuwa dubu 50, wani lokaci fiye. Uwa ɗaya ce a ciki, sarauniya, wadda a lokacin yalwa takan saka ƙwai sama da 1,500 a yini. Maza 'yan ɗaruruwa ne, ba su da aikin da ya wuce barbarar sabuwar sarauniya. Sauran duka mata ne ma'aikata, kuma a lokacin aiki tuƙuru ɗaya ba ta cika wuce mako shida a duniya ba. Da sharar ɗakunan saƙa take farawa, ta koma renon tsutsotsi, ta shiga ginin kaki da karɓar ruwan fure, wasu su yi gadin ƙofa, sai wajen mako na uku ta fara fita kiwo. Wurin reno kuwa ana riƙe zafinsa a kan digiri 34 zuwa 35, ko da hunturu ko da bazara. In zafi ya yi yawa su ɗebo ruwa su yi ta fifita da fukafukai, in sanyi ne su dunƙule su ɗumama juna.

Duk wannan tsari babu mai ba da umarni. Sarauniya ba ta cewa a yi ko a bari. Ma'aikaciya tana da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan ɗaya, mu muna da kimanin biliyan 86, kuma ba ta san komai ba sai abin da ta taɓa ko ta sansana a kusa da ita. To, ta yaya dubban halittu irin waɗannan ke sanin yau ruwa ake buƙata ba zaƙi ba, ko furen gabas ya fi na yamma? A kan wannan tambaya aka gina fannin gaba ɗaya. Mu da muka tashi muna karanta Suratun Nahli, sura ta 16, wadda ke ɗauke da sunan wannan halitta, bai kamata wani ya fi mu ɗokin sanin amsar ba.

Rawa a cikin duhu

Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Karl von Frisch, da aka haifa a Ostiriya a 1886, ya kuma yi yawancin aikinsa a Jami'ar Munich ta Jamus. Kayan aikinsa ba su fi ƙarfin makarantarmu ba: amya mai bangon gilashi, farantin ruwan sukari, ɗan siririn burushi da fenti kala-kala, agogo, da littafin rubutu. Yakan ɗiga wa wadda ta zo shan sukari fenti a baya, wani kuma yana zaune gaban gilashi yana jiran ya ga abin da mai fentin za ta yi in ta koma gida. Sai a matsar da farantin gaba, a sake dubawa. Shekaru ya kwashe a haka, kafin a tsakiyar shekarun 1940 ya warware ƙullin.

Ma'aikaciyar da ta samo abinci mai kyau takan hau saƙa, wadda ke rataye a tsaye, ta yi 'yar tafiya a miƙe tana karkaɗa jiki tana ƙugi da fukafukai, ta zagayo ta dama ta dawo inda ta fara, ta sake miƙewa, ta zagayo ta hagu. Saman saƙar yana matsayin rana. In ta miƙe sama sak, a fita a nufi rana. In ta yi ƙasa, a ba rana baya. In ta karkata dama da digiri 40, a bi dama da rana da digiri 40. Tsawon lokacin karkaɗawar shi ne nisa, sakan ɗaya na nufin wajen kilomita ɗaya, ko da yake lissafin yana bambanta daga wuri zuwa wuri. Yawan maimaitawa kuma shi ne darajar abincin. Masu ɗaukar saƙon suna bin ta a baya suna taɓa ta da 'yan ƙahonninsu, domin cikin amya duhu ne. In rawar ta daɗe har rana ta gusa, mai rawar takan gyara karkatarta daidai da gusawar, alhali tana ciki ba ta ganin ranar. In kuma hadari ya rufe rana, kamar yadda yake yi mana watanni a Fatakwal, 'yar ɓarakar shuɗin sama ta ishe ta gane inda ranar take, domin idonta yana ganin tsarin hasken sama da namu ba ya gani. A 1973 aka ba von Frisch kyautar Nobel tare da Konrad Lorenz da Nikolaas Tinbergen.

Ba kowa ya yarda ba. A shekarun 1960 wani Ba'amurke, Adrian Wenner, ya tsaya kai da fata cewa ƙamshi ne ke kai ƙudajen wurin abinci, rawar ba ta isar da komai. An daɗe ana musu, musun kuma ya yi rana, domin ya tilasta aka ƙirƙiro gwaje-gwaje masu tsauri. A 2005 masana daga cibiyar Rothamsted ta Ingila da abokan aikinsu na Berlin suka wallafa abin da suka gani bayan sun manna wa masu bin rawa wata 'yar waya a baya, sun bi tashinsu da na'urar rada. Ƙudajen sun nufi inda rawar ta nuna, ko da yake abincin ba shi da ƙamshi. Waɗanda aka ɗauke aka saki a wani wuri daban, sun tashi da karkata ɗaya da nisa ɗaya, suka je suna laluben abinci inda babu shi. Ƙamshi yana taimakawa a ƙarshen tafiya, amma rawa ce ke ɗora su a hanya.

Da me take auna nisan? Mandyam Srinivasan, ɗan asalin Indiya mai aiki a Ostireliya, ya sa ƙudaje sun bi wani matsattsen rami mai zane-zane a bango, tsawonsa mita 6. Da suka koma gida suka yi rawar tafiyar da ta kusa mita 200. Ashe da ido suke aunawa, gwargwadon yawan abubuwan da suka gifta musu. A 2023 kuma Ken Tan da abokan aikinsa a ƙasar Sin, tare da James Nieh na Amurka, suka nuna cewa ƙananan da suka tashi ba su bi manya suna rawa ba, rawarsu takan zo da kurakurai. Kuskuren karkata yana raguwa in sun goge, na nisa kuwa da shi suke mutuwa. Har a cikin amya, yaro yana buƙatar malami.

Shawara ba tare da sarki ba

Ɗalibin von Frisch, Martin Lindauer, ya lura da wani abu a Munich bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin rabin garin kufai ne. Wani taron zuma ya bar amya ya dunƙule a reshe, a jikin dunƙulen kuma ana rawa, amma masu rawar ba garin fure ke jikinsu ba. Wasu baƙin hayaƙi ne, wasu jan garin bulo. Ya gane cewa masu neman gida ne, daga ramukan rusassun gine-gine suke, kowace tana tallar wurin da ta gani. Ya karanta rawar da ta rinjaya, ya faɗi inda za su tun ba su tashi ba, ya bi su da gudu ta cikin gari ya tarar da su a can.

Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ya ɗora daga nan. Ya riƙa kai taron zuma tsibirin Appledore a gaɓar jihar Maine, inda babu manyan bishiyoyi masu kogo, yana ajiye musu akwatuna mabambanta. Ya gano sun fi son rami mai cin kimanin lita 40, mai ƙaramar ƙofa. Masu leƙe 'yan ɗaruruwa ne cikin taron da ya kai dubu 10. Wadda ta ga wuri mai kyau takan daɗe tana rawa, wadda ta ga na tsaka-tsaki ta yi kaɗan ta bari. Babu wadda ke tallar wurin da ba ta je ta gani da kanta ba, kuma kowace, komai kyawun wurinta, ɗokinta yana raguwa a hankali har ta yi shiru ta bar wa sababbi. Masu goyon bayan wani wuri sukan tunkuyi masu tallar kishiyarsa da kai, da 'yar ƙara, don su dakata. Da zarar masu leƙe sun taru da yawa a ƙofar wuri guda, shawara ta yanku. Ya tattara mafi yawan wannan a littafinsa Honeybee Democracy na 2010.

Akwai wani bincikensa da nake son koyarwa, domin yaranmu suna kama shi nan take. Mai kiwo ba ita ke zuba ruwan fure a saƙa ba, miƙa wa mai karɓa take yi a kusa da ƙofa. Kamar direban da ya shigo da motar albasa daga Arewa ne: in 'yan dako suka yo masa caa tun bai kashe mota ba, ya san kaya sun yi ƙaranci, sai ya aika gida a ƙaro, in kuwa ya daɗe yana neman mai sauke masa, ya san kaya sun fi ƙarfin masu saukewa. Mai kiwon da ta samu mai karɓa da wuri takan yi rawar karkaɗa ta ƙaro masu fita. Wadda ta daɗe tana nema takan yi wata rawa daban, ta makyarkyata, mai kiran na cikin gida su zo karɓa. Da tsawon jira kaɗai take sanin halin da amya duka ke ciki.

Saƙon da hanci ke ji

Baffana bai taɓa shiga aji ba, amma ba ya ɗaura sabuwar amya sai ya turara ta ya goga mata tsohon kaki, kuma yakan hana yara murƙushe ƙudan zuma kusa da bishiyar. "Ɗana," in ji shi, "in ɗaya ta harbe ka, to ta yi maka shaida, sauran nan wurin za su nema." Gaskiyarsa. A 1962 masana a Kanada suka gano babban sinadarin da ke fita tare da ƙari, mai ƙamshin nunanniyar ayaba, wanda ke kiran sauran su kawo hari. Hayaƙin da mai ɗiban zuma ke busawa yana dusashe wannan kira. Akwai kuma ƙamshin kiran gida, wanda ma'aikata ke fifitawa a ƙofa don ɓatattu su dawo, kuma wasu sinadaransa suna cikin ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke jefawa a shayi. Shi ya sa masu akwatunan zamani suke goga ta don jawo sabon taro.

Sarauniya ma da ƙamshi take sanar da cewa tana raye. Colin Butler na Rothamsted ya nuna a shekarun 1950 cewa masu yi mata hidima suna lasar wani sinadari daga jikinta, yana yaɗuwa daga wannan zuwa waccan. In aka cire ta, cikin 'yan sa'o'i amya ta rikice, ba da daɗewa ba a fara renon wata. A 2015 Abdullahi Ahmed Yusuf na Jami'ar Pretoria, tare da Christian Pirk da Robin Crewe, suka wallafa binciken wannan sinadari a zumar da aka ɗebo daga sassan Nijeriya. Sun tarar ma'aikatanmu suna ɗauke da sinadarai irin na sarauniya ko da sarauniyar tana nan, kuma tsarin sinadaran yana bambanta daga yanki zuwa yanki. Bincike guda ke nan, ya kuma nuna ba daidai ba ne a ɗauko abin da aka sani game da zumar Jamus a ɗora wa tamu.

Wa ke hulɗa da wa

Sabon reshen fannin ya tsiro ne da kyamara da kwamfuta. Ƙudaje suna ciyar da juna baki da baki, kuma ta nan abinci, ƙamshi, labari da cuta suke yawo. A ɗakin binciken Gene Robinson na Jami'ar Illinois, an manna wa ƙudaje sama da dubu ɗaya 'yar takarda mai lamba a baya, kowace da tata, kyamara tana ɗaukar hoto kowane sakan dare da rana, kwamfuta tana rubuta wadda ta ciyar da wata da kuma yaushe. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna hulɗarsu takan zo a cunkushe, a yi shiru, a sake cunkushewa, irin ta mutane, amma duk da haka abu yana bazuwa cikinsu da sauri. A Berlin, ƙungiyar Tim Landgraf ta nuna a 2021 cewa in ka san waɗanda ma'aikaciya ke cuɗanya da su, za ka iya hasashen aikin da take yi da ma lokacin mutuwarta, fiye da in kwanakinta kawai ka sani.

Amfanin wannan ya fi bayyana a wajen cuta. A 2020 masanan Illinois suka gano cewa ƙudajen da suka kamu da wata ƙwayar cuta mai shanye jiki suna rage ciyar da 'yan gidansu, amma in sun je ƙofar wata amya masu gadi sun fi saurin barinsu su shiga, saboda ƙamshin jikinsu ya sauya. A 2021, muna tsakiyar korona, masana daga Italiya da Landan suka nuna cewa amyar da kaskar Varroa ta shiga takan mayar da raye-rayen masu kiwo kusa da ƙofa, nesa da wurin reno. Wannan kaska ta addabi masu zuma a Turai da Amurka. An gan ta a Afirka ta Kudu a 1997, a Kenya a 2009, amma zumar Afirka ta fi jure mata, kuma masana daga ko'ina suna son sanin dalili. A nan, mu ke da abin da ake nema.

Tambayoyin da ke ƙofar gidanmu

Zumarmu ana kiranta Apis mellifera adansonii. Ta fi ta Turai zafin rai, ta fi ta saurin hayayyafa, kuma tana da halin da ke ƙona ran duk mai amya: in abinci ya yanke, ko tururuwa ko wuta suka dame ta, sai ta kwashe gaba ɗaya ta bar saƙa fayau. A binciken da suka wallafa a farkon shekarun 1990, Stanley Schneider da Linda McNally sun bi 'yar'uwarta a yankin Okavango na Botswana, sun ga kafin ƙaura ana yin wasu raye-raye masu nuna nisa mai yawa, ana kuma rage reno. Ke nan tafiyar tana da alamomi. Wanda ya tantance su a zumarmu, ya koya wa masu amya abin da za su duba a ƙofa, ya ceci dukiya mai yawa.

A Jami'ar Sussex ta Ingila, Margaret Couvillon da Francis Ratnieks sun karanta raye-raye sama da 5,000 cikin shekara biyu, suka zana taswirar inda zuma ke kiwo wata bayan wata. Wato zumar ce da kanta take gaya wa masu tsara ƙasa inda fure yake da lokacin da ya yanke. Ana iya yin haka a nan, amma sai an fara auna sakan nawa ke nufin mita nawa, kuma tunda da ido take awo, ma'aunin kurmin Neja Delta ba lalle ya zo ɗaya da na filin Katsina ba. Daga nan sai a tambaye ta: a watannin ruwan nan da ba ya ɗaukewa, ina take zuwa? Nawa take samu daga bishiyoyin bakin gishiri da ke bayan Eagle Island, nawa daga kwakwar manja?

Sai kuma baƙin hayaƙin da ya fara sauka mana tun ƙarshen 2016, wanda muke sharewa daga tagogi da hancin 'ya'yanmu. A 2013 masana a Southampton sun nuna hayaƙin dizal yana lalata wasu sinadaran ƙamshin fure har zuma ta kasa gane shi. A 2020 an tarar a Bangalore ta Indiya cewa babbar zumar can da ke kiwo a gurɓatattun unguwanni jikinta cike yake da ƙura mai guba, bugun zuciyarta ya rikice, kuma ta fi saurin mutuwa. Halittar da rabin maganarta ƙamshi ne, yaya take yi a garin da iskarsa ke ɗauke da toka? Ɗan Diobu ba ya buƙatar biza kafin ya fara wannan bincike.

A Arewa kuwa ga feshin da ake yi wa wake da auduga suna cikin fure, ga ɗorawa da kaɗanya suna tafiya gawayi. Wani bincike a Burkina Faso da ya fito a 2017 ya nuna ziyarar ƙudan zuma tana ƙara yawa da ingancin auduga da riɗi. Maganar zuma maganar rumbu ce.

Ta ina ake shiga

Hanyar tana farawa daga ajin kimiyya: ilimin halittu, kemistiri, fiziks da lissafi a WAEC ko NECO, sannan JAMB. Kada yaro ya raina lissafi, domin bincike ɗaya na hulɗar zuma yakan tara bayanai miliyoyi. Jami'ar Jihar Ribas tana Nkpolu-Oroworukwo, da ƙafa ma ana zuwa daga unguwarmu, Jami'ar Fatakwal kuma tana Choba, duk ana karanta ilimin dabbobi da muhalli. A Zariya akwai Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Mai karanta kwamfuta ko injiniyan lantarki ma yana da gurbi, domin ana neman masu haɗa kyamara da masu rubuta manhaja da Python ko R. Yaron da ya iya gyaran waya a titin Iloabuchi ya riga ya mallaki hannun da ake so.

Bayan digirin farko sai na biyu da na uku, a nan ake zama mai bincike. Cibiyar icipe ta Nairobi, wadda Thomas Odhiambo ya kafa a 1970, tana ɗaukar ɗaliban Afirka su yi digirin digirgir a kan ƙwari da tallafin karatu, kuma tana da babban ɗakin binciken lafiyar zuma. Jami'ar Pretoria tana da rukunin masu binciken ƙwari masu zaman jama'a. Akwai tallafin DAAD na Jamus da na Commonwealth, ga TETFund ga malaman jami'o'in gwamnati. Wanda ya gama yakan koyar a jami'a, ko ya yi aiki da cibiyoyin gona da gandun daji, da masu gwajin ingancin zuma, da ƙungiyoyin horar da manoma. Mata suna sahun gaba. Eva Crane, wadda ta karanta lissafi da fiziks, ita ta jagoranci ƙungiyar binciken zuma da aka kafa a Ingila a 1949, ta shekara sama da talatin a kai. Lucy King kuma ta nuna a Kenya cewa shingen akwatunan zuma yana hana giwaye shiga gona.

Aikin yana da nauyi. Akwai zaman sa'o'i gaban gilashi ko bidiyo ana ƙirga karkaɗa, akwai gwajin da ruwan sama zai rushe a sake daga farko, akwai neman kuɗin bincike, ga albashin malamin jami'a a ƙasar nan da bai taka kara ya karya ba. Ba a shan zuma sai an sha harbi, kuma wanda jikinsa ke kumbura fiye da kima ko numfashinsa ke sarƙewa in an harbe shi, dole ya ga likita kafin ya kusanci amya. Amya kanta ba a kafa ta a cunkoson Diobu, sai a gonar jami'a ko bayan gari, ƙarƙashin wanda ya san aikin.

Roƙona uku ne. Ga masu fataucin zuma na garin nan: ku da kuke shan tambayar ko zumarku ta gaskiya ce, ɗalibi ɗaya da kuka haɗa kuɗi kuka ɗauki nauyinsa zai iya duba garin furen da ke cikinta ya faɗi bishiyar da ta fito. Ga ɗalibaina masu zuwa gida hutu: ku zauna da dattawan da ke ɗaura amya, ku rubuta watan da zuma ke shiga, watan da take tashi, furen da ke biye da wani, da itacen da ake turare da shi. Wannan ilimi a ka yake, kuma masu shi suna tsufa. Ga iyaye kuma, Alhaji da Hajiya: in yaronku ya ce ilimin ƙwari zai karanta, kada a ce ya rasa abin yi. Ku tambaye shi wace tambaya yake son amsawa, in yana da ita, ku sa masa albarka ku biya kuɗin fom.